Ranar da Kaka Ya Ga Sawun Dila

Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni a mota za mu gaisuwar rasuwa can kudu da gari. Muka bi ta Kudai, inda motocin alhazai suke jere ba ka ganin ƙarshensu, muka miƙa har muka wuce alamar iyakar Harami. Nan na ce masa ya sassauta. Na manna fuska a gilashi ina duban dama da hagu, ban ga komai ba sai katangu da wuraren buga bulo da tarin tsofaffin tayoyi. Ya ce, "Ish fi, ya Sitti? Me kike nema?" Na ce daji nake nema. Yaron nan ya kwashe da dariya har yana dukan sitiyari, wai tun da aka haife shi bai taɓa jin an haɗa Makka da daji a baki ɗaya ba. Me zan ce wa wanda sai ya yi tuntuɓe sau uku kafin ya kai ƙarshen gaisuwa da Hausa? Amma raina ya ɓaci, kuma tun ranar abin da na yi shekaru ina dannewa yake ta taso mini.

Lokacin da na yi wayo, unguwarmu bukkoki ne na itace da buhu da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddake. Mu Takari, haka Larabawa suke kiranmu, a gefen gari muke, inda duwatsu suka fara. Babu lasifika, amma idan gari ya yi tsit kana jin ladanan Harami ɗaya bayan ɗaya, sannan kukan jakuna, sannan ƙarar garewanin Babana yana fita ɗiban ruwa, don shi ɗan garuwa ne. Umma tana toya waina a ƙofar gida, ni kuwa aikina fifita wuta da tsince tsakuwa daga gero. Aikin da na fi tsana shi ne gadin shanya, saboda tantabarun garin nan ba a korarsu. Za su sauko su cika tabarma suna ci suna kallonka, in ka ɗaga hannu Umma ta daka maka tsawa, "Haram alek! Baƙin Allah ne." Sai dai ka zauna kusa da hatsin ka yi ta tari ko sa ji kunya. Yanzu 'yan jikokina gas suke murɗawa wuta ta kama, su murɗa famfo ruwa ya zubo, kuma su ne masu kukan gajiya.

Wutar da nake fifitawa, itacenta Kaka ne yake kawowa, mahaifin Babana. Dogo ne, baƙi wuluk, ƙashinsa a waje, haƙoransa na gaba duk sun tafi. Kafin ya zama mai itace maharbi ne a dazukan kudancin Kano, irin wanda in zaki ya addabi ƙauye shi ake aika wa goro. Da ƙafa ya taho, ya yi shekaru a hanya, ya yi noman auduga a Sudan, ya binne Kakata a can, ya ƙetaro teku da Babana yana saurayi. Ya ce ranar da ya fara ganin Ɗakin Allah, aka gaya masa a wannan ƙasa ba a farauta, ba a razana tsuntsu, ba a sare ɗanyen itace, sai ya ce to shi da baka sun yi sallama. Ya karya bakan ya hura wuta da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, kuma babu mai taɓa ni in yana gida. In na yi laifi Babana ya zaro ido, sai Kaka ya ce, "Kai, kakarka za ka daka? To bismilla, ina kallo." Sai Baba ya sunkuyar da kai ya fita yana ƙunƙuni.

Amma hali zanen dutse ne. Mutumin da ya karya baka bai iya karya kunnensa da idonsa ba. Da yake ba a taɓa itacen Harami, masu itace sai sun fita bayan iyaka, cikin kwaruruwan da ke tsakanin duwatsu, kuma a can akwai daji, ko jikana ya yarda ko kada ya yarda. Akwai samur mai ƙaya da laima, akwai magarya, akwai aduwa, akwai tumfafiya. Idan Kaka ya gama ɗaure itacensa, sai ya sami inuwa ya zauna ya kira yanyawa. Ba ya kashe su, ba ya kama su. So yake kawai ya ga sun zo, ya san har yanzu daji yana amsa masa. Yadda ake yi, ka jiƙa bayan hannunka da yawu, ka manna leɓe ka tsotsa, sai wata ƙara ta fito siririya mai ban tausayi, kukan zomon da tarko ya kama. Da haƙoransa suka zube, ƙarar ta daina fita, sai iska kawai. Wata rana ya ji ina kwaikwayonsa a bayan bukka, ya leƙo, ya tsaya yana kallona baki buɗe. Ya ce, "Sake yi." Na sake. Karen maƙwabta ya taso a guje yana neman zomo. Kaka ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe gadon bai faɗi ƙasa ba, kan mace ya sauka."

Tun daga nan ya fara ɗora ni a kan jaki. Ban fi shekara shida ko bakwai ba. Umma ba ta so, amma suruka ba ta musu da uban miji. Sai ta juya ga tanda tana yi wa waina magana. "Bint, yarinya ƙarama, a kai ta cikin duwatsu. Tayyib. Mu dai ba mu da baki." Kaka ya ce, "Na ji, 'yar nan, waina ta gaya mini. Kafin la'asar za ki ga 'yarki." Mukan fita bayan sallar asuba, mu bi ta Kudai, lokacin babu komai a wurin sai rairayi da 'yan awaki. Ina son tafiyar nan fiye da ranar Idi. Yakan nuna mini ƙasa ya ce in karanta. Wannan sawun ɓera ne, wannan na bushiya, wannan maciji ne ya ja ciki da sanyin safiya. Yakan ce, "Daji ɗaya ne, Uwata. Magaryar nan ƙanwar ta garinmu ce. Wanda ya iya karatun daji ɗaya ya iya na duniya." Ni kuwa na ɗauka babu abin da Kaka bai sani ba a ƙarƙashin sama.

Idan na yi kiran, a cinyarsa nake zama, bayansa jingine da itace, iska tana busowa daga gabanmu. Sai a yi shiru mai tsawo. Can sai ka ga kunnuwa biyu sun ɓullo bayan dutse, manya, sun fi kan girma. Yanyawa ce, ja-ja, wutsiya kamar tsintsiya, tana taku ɗaya tana tsayawa. Takan zo har inda zan iya ganin gashin bakinta yana rawa, sannan ta ji warinmu, ta yi tsalle ta ɓace. Kaka ya matse ni yana dariya ba sauti. Abu ɗaya yake yawan faɗa a hanyar komawa, wai yanyawa ƙanwar wasa ce, shi dila yake kewa. Dila malamin daji, mai wayo, matsoraci, wanda in ka kira shi sai ya zagaya ka sau da yawa kafin ya nuna hancinsa. Tun da ya ƙetaro teku bai sa dila a ido ba.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa kwanaki kaɗan kafin nan, ƙasan kwarin da laushi. Mun shiga kwarin ke nan, Kaka ya tsaya cak, ya durƙusa. Sawu ne a cikin laka, irin na kare amma ya fi tsawo, ya miƙe ɗoɗar shi kaɗai ya shiga cikin magare. Na ga fuskar tsohon nan ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ce, "Uwata, yau muna da babban baƙo. Dila ne."

Muna nan sai ga wata Badawiya da awakinta, fuskarta a rufe, sanda a hannu, tana kora su da sauri za ta fita daga kwarin. Ta dube ni a kan jaki, ta dubi Kaka, ta ɗaga murya. Larabcin Kaka bai wuce na cinikin itace ba, ni nake yi masa tafinta. Na ce, "Kaka, ta ce dib ne a kwarin nan, kyarkeci. Ta ce ka mayar da ni gida yanzu."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Gaya mata na gode. Amma kyarkeci ba ya tafiya shi kaɗai. Garke suke yi, goma, ashirin, in sun wuce sai ka ga ƙasa kamar an yi sussuka. Wannan sawu guda ne. Tun ba a haifi ubanta ba nake bin sawu."

Ban fassara mata na ƙarshen ba. Ta ce, "Allah yihdik, ya Hajji," wato Allah ya shirye ka, ta bi awakinta, tana waiwayenmu har ta sha kwana. Gaskiyarsa ce, a dajin da ya sani kyarkeci garke yake yi. Na nan ƙasar shi kaɗai yake yawo, ko su biyu. Baƙo makahon gari ne, ko da ya yi shekara talatin a cikinsa, amma wa zai gaya wa Kaka shi baƙo ne a daji?

Ya ce dila ba zai zo ba in ya ji warin babba, ga taba ga hayaƙi a jikinsa. Saboda haka ya yi yadda maharba suke yi a gida: mai kira a gefe guda, mai kallo a wani gefen. Ya zaunar da ni a gindin wata magarya, ya ja ƙaya ya kange ni ta baya, shi kuma ya koma bayan wani dutse can nesa, inda in ya yi jifa da ƙyar zai iso ni. Gatarinsa yana wurin jaki. Ya ɗaga mini hannu, na jiƙa bayan hannuna na fara.

Ban daɗe ina yi ba. Abin da na fara lura da shi, tsuntsayen da ke kan magaryar sun tashi gaba ɗaya. Sai jakinmu ya fasa kuka yana fizgar igiya. Sannan na gan shi, kyarkecin da Badawiyar ta faɗa. Bai zagaya ba, bai laɓe ba, bai tsaya shinshina iska ba. Ta tsakiyar kwarin ya taho, da rana tsaka, toka-toka, dogayen ƙafafu, haƙarƙarinsa a waje, kansa a sunkuye, yana ɗan tangaɗi kamar wanda ƙafa ɗaya ba ta bin umarninsa. Wani abu yana zuba daga bakinsa yana jan zare har ƙasa. Idonsa a kaina. Na cire hannuna daga baki. Fitsari ya bi ƙafata ban san lokacin da ya zubo ba.

Na juya ido wajen Kaka. Ya riga ya miƙe tsaye. Na ga hannunsa na dama ya tafi bayan kafaɗarsa da sauri, inda a da kwarin kibiyarsa yake ratayuwa, ya damƙo iska. Ya sake kai hannun, ya sake damƙo iska. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kaka ba sai ranar, kuma wannan ya fi dabbar firgita ni. Ya yi tsawa, ya yi jifa, dabbar ko waiwaye ba ta yi ba. Tsakaninta da ni ya fi kusa da tsakanina da shi, kuma ya san ƙafarsa ba za ta kawo shi ba.

Sai na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi. Kaka, Alhaji, mai furfura, wanda ake tashi tsaye in ya shigo zaure, ya faɗi ƙasa a fili ya fara rarrafe yana jan ƙafa ɗaya, yana kuka irin na akuyar da ta karye. Yana birgima, yana tayar da ƙura, yana kukan da dukan ƙarfinsa. Dabbar ta tsaya. Tana kusa da ni har ina jin numfashinta yana gurnani a maƙogwaro, ina jin wani wari kamar na rubabben nama. Ta juya kai. Ta bar ni ta nufe shi a guje.

Hannunsa na hagu ya miƙa mata, ta kama, shi kuma ya rungume ta ya faɗa mata da dukan nauyinsa. Na ga ƙura, na ga ƙafafu suna shure-shure, na ji Kaka yana ta "Ya Latifu, ya Latifu." Ya sa gwiwa a wuyanta ya danne, ya lalubo dutse da hannun dama. Ban ƙirga ba. Na dai ga lokacin da ƙafafun suka daina motsi.

Na taso da gudu zan faɗa jikinsa, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba. "Tsaya nan! Kada ki matso!" Na tsaya ina kuka. Ya sa tsinke ya buɗe bakin dabbar. Cike yake da kumfa da tsakuwa da guntayen itace da ta tattauna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya goge hannun dama da rairayi sosai, ya ce in cire rigata in juya. Ya duba ni daga kai har tafin ƙafa ba tare da ya taɓa ni ba, bayan kunne, tsakanin yatsu, yana tambaya, "Ya taɓa ki? Yawunsa ya ɗiga miki? Ki faɗi gaskiya, Uwata." Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ya hura wuta, ya sa bakin gatari har ya yi ja, ya ce in juya baya in toshe kunne. Na toshe, amma hanci ba ya tosuwa. Na ji ƙaurin naman kakana.

Kafin la'asar muka iso gida, babu itace. Umma ta ga hannunsa a naɗe da rawani jina-jina, ta saki kwano ta kwarma salati. Ya ce mata, "Ga 'yarki, duba ta." Ga Babana kuwa ya ce kare ne na daji, ya mutu, halas, kada a tara masa jama'a. Ciwon ya warke sarai. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, wasu har suna yi masa kirari. Ni kaɗai na ga abin ya canza. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Ya ware moɗarsa ya rataye can sama. In ya ɓantari goro ba ya ba ni ragowar kamar da. In na zo zan hau cinyarsa sai ya ce ƙafarsa tana ciwo. Ya koya wa Babana yadda ake ɗaure wa jaki kaya, ya bi gidajen unguwa yana neman gafarar mutanen da ko faɗa bai taɓa yi da su ba. Na yi fushi da shi ƙwarai, na ɗauka don na yi fitsari a gabansa ne yake ƙyamata. Kwana da kwanaki ban gaishe shi ba. Yanzu an ce allura ake yi wa wanda mahaukaciyar dabba irin wannan ta ciza, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Mu a bukkokin nan ba mu taɓa jin labarinta ba, wuta muka sani da addu'a.

Wata biyu ba su cika ba, ran nan da azahar, ana zafin da ko tantabaru sun nemi inuwa, Kaka ya dawo daga masallaci ya ce kansa yana sarawa, tabon hannunsa yana yi masa zugi. Umma ta ce in kai masa ruwa. Na ɗebo a randa na miƙa masa, ina kumbure-kumbure. Ya kai moɗar baki. Sai wuyansa ya shaƙe, idanunsa suka firfito, jikinsa ya fizge baya, moɗar ta yi sama ta faɗi. Ya daɗe yana haki. Da ya sami numfashi, bai dube ni ba, ya ce, "Kira mini ubanki."

Baba ya shigo da sandar garuwa a kafaɗa. Kaka ya ce, "Ajiye. Ɗauko igiyar itace. Ka ɗaure ni a ginshiƙin nan, hannu da ƙafa, irin ɗaurin da na koya maka."

"Baba, ish hada? Mene ne haka? Ni in ɗaure ka?"

"Dahin, yanzu-yanzu, tun ina gane ka. In ka bari har gobe, ba ni za ka ɗaure ba. Kuma kada yarinyar nan ta ƙara shigowa ɗakin nan."

Babana ya ɗaure ubansa yana kuka kamar yaro. Aka kai ni gidan maƙwabta, amma bango na buhu ba ya tare sauti. Na ji abin da na ji. A tsakanin tashin ciwon hankalinsa yakan dawo tas, in ji shi yana karanta Ƙulhuwallahu, ko yana tambaya, "Uwata lafiya take? Ba ta zazzaɓi?" A ce masa lafiya lau. Ya ce to madalla.

A garin nan duk wanda zai cika, da Zamzam ake sallamarsa. Ko fakiri ne, ko baƙon da ba a san sunansa ba, sai an ɗiga masa a baki. Ranar ƙarshe da hantsi Baba ya tafi Harami ya ciko tulu. Da ya dawo na saci jiki na bi bayansa, na leƙa ta ɓular buhu. Kaka ya rame ya zama ƙashi, leɓensa sun tsattsage don ƙishirwa. Baba ya durƙusa ya ce, "Baba, Zamzam ce." Na ga tsohon ya buɗe baki, yana so, wallahi yana so. Da ya ji ƙarar zubar ruwan a kofi sai jikinsa ya ɗauki fizga har ginshiƙin yana girgiza. Ya kau da kai yana hawaye. "Kau da ita. Allah Ka gani, ba ƙi na yi ba. Da ƙafata na zo mata. Kau da ita, ɗana." Baba ya fito da kofin a hannu ya zauna a ƙasa, bai ma ga ina wurin ba.

Bayan azahar ɗakin ya yi shiru. Maza suka shiga suka kwance igiyar, suka miƙar da shi, suka goge masa fuska. Ina tsaye a bakin ƙofa babu wanda ya kore ni. Sai Baba ya waiwayo, idanunsa jawur, ya tsoma auduga a kofin nan da ke ajiye tun hantsi, ya sa mini a hannu. Ya ɗauke ni ya kai ni kusa da kan Kaka. Ya ce, "Zo ki ba ɗanki ruwa. Yanzu zai karɓa."

Na matse audugar a kan leɓensa. Ruwan ya tsaya a wurin kaɗan, sannan ya gangara cikin gemunsa.